Gangar da Jirgi Ba Ya Ji

Nata'ala taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da hurumi, in ya ji haushi ya rama. Tare muka tashi a Unguwar Marke, wani ɗan ƙauye yamma da Mairuwa a ƙasar Faskari, inda in ka tsaya ƙofar masallaci kana hango duhun daji. Ni Abdulgafar manomi ne. Shi kuwa makaɗin noma ne, gadon ubansa. Tun muna samari nake gaya masa ya zaɓi sana'ar ragwaye, mutane na sunkuye suna zufa, shi yana tsaye da ganga a wuya yana yi musu ihu. Shi kuma ya ce ba don shi ba da tuni gonata ta zama gidan zomaye. Gaskiya ya faɗa, amma ban taɓa amsa masa ba.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ɗauka gayya taron cin tuwo ce. Idan ciyawa ta fi ƙarfin mutum, sai ya raba goro a gari ya sa rana. Ranar maza talatin ko arba'in za su fito da hauyoyinsu, kowa ya kama kunya guda, su jeru kafaɗa da kafaɗa, mata su biyo baya da fura. Makaɗi ne ke riƙe da sahun. In ya sassauta hannu hauya ta sassauta, in ya matsa sai ka ga tsoho mai ciwon baya yana tsere da ɗan cikinsa. Nata'ala yana da wata ɗabi'a da ubansa ma bai yi ba: duk gonar da ya je sai ya nemi suri ko wani tudu ya hau, daga can yake kiɗa, wai don ya ga wanda ke satar hutu. Ya san sunan kowa da na kakansa, ya san gonar da kakan ya taɓa nomewa kafin azahar. In ya kira ka da wannan a gaban mata, ko zazzaɓi kake yi sai ka kai ƙarshen kunyarka.

A duk waɗanda ya yi wa kiɗa ba wanda ya fi so kamar Zailani ɗan Mansura. Dogo ne, marar yawan magana, in ya sunkuya ba ya ɗagowa sai ya ga iyaka. Nata'ala ya yi masa take nasa na kansa, yana cewa, "Zailani na Mansura, ciyawa ta gan ka ta yi sallama da 'ya'yanta!" Sai mata su yi guɗa, Zailani ya ƙara sunkuyar da kai don kunya. Ku riƙe sunan nan, zai dawo.

Daga nan sai mutanen daji suka zo. Haka muke kiran 'yan bindiga, domin ko a cikin ɗakinka ba ka son bakinka ya saba da ɗaya sunan. Da shanu suka fara, suka koma kan mutane. Abu na farko da ya mutu a garinmu shi ne gayya, domin tara maza arba'in a bakin daji da ganga tana sanar da inda suke, ai tallan kai ne. Kowa ya koma noman ɓoye, shi da 'ya'yansa, da sassafe, kunne a daji. A cikin waɗannan shekarun ne Zailani ya ɓace. Wasu sun ce kama shi aka yi ya saba da su, wasu sun ce da ƙafarsa ya tafi bayan an kore shanun ubansa. Uwarsa tana nan cikinmu, ba mai tambayarta, ita ma ba ta cewa komai.

Nata'ala ya rataye gangar a ɗakin matarsa Saudatu, ya koma tufkar igiyar rama a ƙofar gida. Shekara huɗu yana wannan. Mutumin da muryarsa ke kaiwa ƙauye uku ya zama sai ka matso kafin ka ji gaisuwarsa. Nakan je in tsokane shi, in ce yanzu ya san daɗin aikin hannu, sai ya yi ɗan murmushi kawai. Ranar da taubashinka ya daina rama maka, ranar za ka san abin ya kai inda ya kai, kuma ni abin ya dame ni ƙwarai.

Sannan jirage suka fara zuwa. Ranar farko har da masu yin sujada a tsakar gida. Akwai mai ƙugi, wanda kafin ka ɗaga kai ya wuce, sai daga baya ka ji ƙasa ta girgiza can cikin daji. Akwai mai saukar ungulu. Akwai kuma wani ƙarami da aka ce ba mutum a cikinsa, yana yini a sama yana zuuu, yara suka sa masa suna sauro. Ba zan ci amanar gaskiya ba, jiragen nan sun yi mana rana. Akwai sansanin da suka watsa, mutum goma sha ɗaya da aka tsare suka samu hanya suka gudo, cikinsu har da matar ƙanena. Kuma duk ranar da jirgi ya yi aiki, mutanen daji sukan lafa kwana uku, wani lokaci huɗu. Muka sa wa waɗannan ranaku suna kwanakin jirgi. A cikinsu ake zuwa kasuwar Mairuwa, a kai mara lafiya Faskari, a ɗaura aure in akwai.

Amma ina jin haushi idan na kunna rediyo na ji masana daga birni suna lissafin wace ƙasa ta fi wace yawan jiragen yaƙi, suna cewa a yaƙin zamani wanda ya riƙe sama ya gama. Su zo Unguwar Marke su kwana biyu. Jirgi minti biyar yake yi a kanmu ya koma inda ya fito, mutanen daji kuwa nan suke wuni. Jirgi ba ya tsayawa gadin gona, ba ya raka mace rafi. Abin da ya fi, gani yake yi, ba ya ji. Ba za ka iya ɗaga murya ka ce masa ni ne Abdulgafar ɗan wane, hauya ce a kafaɗata ba. Labari ya zo mana daga wani gari can wajen iyaka, wai mutane sun ji ƙugi suka ruga ƙarƙashin itatuwa, abin da mutanen daji ke yi ke nan, aka ce ba duka suka koma gida ba. Ban gani da idona ba, amma tun daga ranar tsoronmu ya zama biyu. In ka taru daji ya gan ka, in ka gudu sama ta gan ka.

Daminar bana ce ta kai ni bango. Babbar gonata tana can bakin rafi, tafiyar rabin sa'a daga gari, daji na kallonta. Na samu na shuka masara a kwanakin jirgi, na yi noman farko da ƙyar, amma lokacin maimai ya zo mutanen daji suka hana kowa leƙawa har sati uku. Da na samu na je, ciyawa ta kai min gwiwa, masarar ta yi rawaya. Baki goma sha biyu nake ciyarwa. Ni da 'ya'yana biyu ko sati muka samu ba mu gamawa, balle kwana uku. Ran wata Talata jirgi ya yi ɓarin wuta a daji da hantsi, kafin azahar ina ƙofar gidan Nata'ala da goro a aljihu.

"Gayya nika so," na ce masa. "Gobe."

Ya ci gaba da tufkarsa. "Kai dai tun kana yaro ba ka da hankali. In jirgi ya dawo ya ishe mutum talatin bakin daji, mi za ka ce mashi?"

Na ce ban sani ba, amma na san abin da zan ce wa yara in rumbu ya ƙare a watan azumi, shi ma ba mai daɗi ba ne. Can ya ajiye igiyar.

"Duk garin ga ni kaɗai na san yadda kuke daga sama," ya ce. "Shekara talatin ina bisa suri ina kallon ƙeyarku. Ɓarawo ba shi jeruwa. Ba shi sunkuyawa a fili, rana na dukan bayanshi, shina tafiya taki ɗaya da na kusa da shi. In wanda ke cikin jirgin nan shina da ido, zai gane sahu. Amma in mutum ɗaya ya ruga, kowa zai ruga, to shi ke nan mun zama su."

Sai ya kafa sharuɗɗa, ya sa na bi gida gida ina faɗa. Ba mai zuwa da babur. Ba mai saɓa hauya a kafaɗa kamar yadda muka saba tun kakanni, kowa ya riƙe ta ƙasa, domin daga nesa abin da ke kafaɗa bindiga ne. Ba mai zama gindin itace, ko fura za a sha a tsakiyar rana za a sha ta. Kuma in jirgi ya zo, wanda ya ɗaga ƙafa ya gudu, shi da zuriyarsa sun shiga bakin makaɗi har abada. Wannan na ƙarshen ya fi sauran tsoratar da mutane.

Mutum talatin da ɗaya suka fito. Da Saudatu ta miƙo masa gangar ya shafa ta, ya ɗan buga sau biyu, sautin ya fito a raunane. Amma da muka isa ya hau surin da ke tsakiyar gonata ya saki kiɗa, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Shekara huɗu ban ji wannan sautin ba. Hauyoyi suka faɗi tare suka tashi tare, tsofaffi suna dariya suna zagin juna. Har na manta da abin da ke gabanmu da abin da ke samanmu.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji shi. Ya taso daga gabas, ya wuce, muka ce Alhamdulillahi, sai ya juyo. Ya yi ƙasa har muna ganin cikinsa. Sahu ya fara karkacewa. Kamilu, wani magidanci mai 'ya'ya biyar, ya saki hauya ya juya wajen wata ɗorawa da ke bakin gona, mutum uku suka ɗago suna shirin bin sa. Sai muryar Nata'ala ta fasa ƙugin nan.

"Kamilu jikan Mas'ud! Mas'ud da ya nome fadama da ƙaya a ƙafa! Ina za ka? Ga mata na kallo! Koma ka ɗauki hauyar kakanka!"

Ya matsa wa gangar kamar zai fasa ta. Kamilu ya tsaya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, sannan ya dawo ya sunkuya. Nata'ala ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da suna, bai tsallake kowa ba, ni ma ya ce wai ragon taubashinsa yau ko ya mutu a kunya ya mutu. Jirgin ya kewaya mu sau uku. Ni dai ban san abin da nake nomewa ba, daga baya na ƙirga masarata goma sha huɗu da na sare da hannuna. A kewaye na uku ya ɗaga sama, ya miƙe yamma, ƙararsa ta yi ta raguwa har ta ɓace. Ba wanda ya ɗago sai da muka kai iyaka. Kafin la'asar gonar ta zama tas.

Ranar Nata'ala ya dawo Nata'alan da na sani. A hanya ya tsokane ni tun daga rafi har gida, ya ce a rubuta a ajiye, ganga ta ciyar da gidan Abdulgafar. Cikin wata guda ya yi gayya huɗu, duk a kwanakin jirgi, sau biyu jirgi na zuwa ya duba ya wuce. Labari ya kai har Yargoje ta wajen Kankara, wasu daga Damari ta Sabuwa suka aiko suna tambayar sharuɗɗan. Mu duka, har da ni mai kai goro, hankalinmu na sama. Muna ta murna jirgi ya gane mu, ba wanda ya tsaya ya tuna cewa jirgin ne kaɗai ba ya jin ganga. Daji yana ji sarai.

Ran Litinin ta makon jiya, da hantsi, ina zaune wurinsa sai ga babura uku sun shigo gari a hankali, ba harbi ba ihu. Na gaban ya sauka, ya jingine bindigarsa a bango, ya cire rawanin da ya rufe fuska, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana. Baba Abdulgafar, ina gajiya."

Zailani ne. Ya rame, idonsa ya yi ja, amma muryar tana nan. Nata'ala ya amsa gaisuwar kamar jiya suka rabu. Zailani bai yi kwana-kwana ba. Ya ce maigidansu na da gona a cikin daji, dawa ce, ciyawa ta ci ta, yana son gayya ran Alhamis. Mutum talatin, da ganga.

Nata'ala ya ce, "Ku da ke da mutane, mi za ku yi da tsoho da ganga?"

"Baba, muna bisa dutse ran da kuka yi ta bakin rafi," in ji Zailani. "Mun ga jirgi ya kewaya sau uku ya tahi. Ni na gaya masu dalili, don ni na san sahu. Bayan gonar maigidan muke kwana yanzu. In jirgi ya ga sahu, wucewa shikai." Ya dubi ƙasa. "Ka zo, Baba. In ba ka zo ba, ba ni za a aiko ba karo na biyu."

Ya sake durƙusawa, ya ɗauki bindigarsa. Ko gidan uwarsa bai leƙa ba.

Abin a fili yake. Ba ciyawa ce ta dame su ba, rumfa suke so a yi musu da bayan mutanenmu. In mun je, wataƙila jirgi ya wuce ran Alhamis, ya wuce wata Alhamis ɗin. Amma masu jirgin ba wawaye ba ne, wata rana za su gane abin da ke bayan sahun, kuma ranar mu ne a fili, su suna cikin duwatsu. Daga ranar kuma duk wani sahun manoma daga nan har Sabuwa ya daina zama shaida. In mun ƙi, mun san yadda ake yi wa garin da ya ƙi. Na ce a kai wa jami'an tsaro labari a Faskari. Nata'ala ya ce to, su turo jirgi ran da 'ya'yanmu ke wurin ke nan, ko kuwa su zo su kwana biyu su tafi, a tambayi wanda ya kai maganar? Na ce mu tashi gaba ɗaya. Ya ce mu tafi ina da mutum ɗari uku, masara ba ta nuna ba, hanya ɗaya ce kuma suna kanta? Duk ƙofar da na taɓa sai in ji ta a kulle. Kuma ni na kai goron nan, wannan ba ya barina.

Bayan la'asar ya ce wa Saudatu ta kawo gangar da wuƙar yankan kuɓewa. Gangar ubansa ce, icenta ya girme mu duka. Ya ɗora ta a cinya, ya soka wuƙar a tsakiyar fatar ya ja har baki, ya juya ɗaya gefen ya yi haka. Saudatu ta rufe baki ta shige ɗaki. Ni na kasa kallo.

"Ba ganga, ba sahu," ya ce. "Ba ni kiran sunan kakan mutum in kai shi wurin nan. A gaya masu damina ta ɓata ta, ta fashe."

Aka ba masu zuwa itace saƙon, domin su ne ke haɗuwa da su a bakin daji. Talata ta wuce shiru. Laraba ta wuce. Alhamis muka wuni muna kallon hanya, ba wanda ya zo. Har na fara cewa a raina tsohon nan ya sake fitar da mu.

Ran Asabar da safe wani ya zo a babur, bai ko kashe shi ba, ya ajiye ƙunshi a ƙofar gidan Nata'ala ya ce, "In ji Zailani, a gaida Baba. An ɗaga zuwa Alhamis mai zuwa. Ya ce kwana biyar sun isa ta bushe." Muka kwance. Fatun akuya ne guda biyu, an kankare gashin tas, ba tabon wuƙa ko ɗaya, daidai kaurin da gangar noma ke so. Nata'ala ya murza gefen ɗaya da yatsa, ya ce, "Ni na koya mashi zaɓen fata."

Yau Litinin. Fatun na nan tsakar gidansa bisa tabarma, icen gangar na gefe. Kafin a ɗaura fata sai an jiƙa ta ta yi laushi, in kuwa za ta bushe kafin Alhamis, yau ne ƙarshen jiƙawa. Bai jiƙa ba, bai kuma jefar ba. Mutane sai wucewa suke ta ƙofar gidan suna rage tafiya, ba mai shigowa, Kamilu ya wuce sau uku. Ɗazu sauron nan ya bi ta kanmu yana zuuu, muka ɗaga kai tare.

"Abdulgafar," ya ce, "in ka ji ƙugin jirgi ran Alhamis, mi za ka roƙa? Ya gan mu, ko kar ya gan mu?"

Shekara sittin ban taɓa rasa abin da zan mayar masa ba, yau na rasa. Muna nan zaune Saudatu ta fito da ruwa a babbar roba, ta ajiye kusa da fatun, ta koma ɗaki ba ta dubi kowa ba. Har na taso na taho gida, ba wanda ya ce mata ta ɗauke.